Kafin Ka Ɗauki Sukundireba

Ƙannena, tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Ka kafa ƙusa biyu a jikin garu, ka ɗaura waya tsakaninsu, ka ja ta tamau, ka taɓa da yatsa: abin da zai fito ɗan zirin sauti ne wanda ko na bakin ƙofa ba zai ji ba. Waya siririya ce, ba ta iya tura iska. Sai an haɗa ta da wani abu mai faɗi marar nauyi, wanda zai karɓi rawar da take yi ya watsa wa jama'a. Duk wanda ya taɓa ƙera abin kiɗa mai tsirkiya, daga Damagaram har bangon duniya, wannan matsala ce ya zauna ya warware. In kun gane ta, za ku iya gyara. In ba ku gane ta ba, ko an cika muku akwati da kayan aiki, ɓarna za ku riƙa yi kuna karɓar kuɗin mutane.

Mutanenmu da ƙwarya da fata suka warware ta. Mai gurmi yakan rufe bakin ƙwarya da fatar guza ko damo, ya zura sanda, ya ɗora ɗan guntun itace a kan fatar, wato jaki, tsirkiya ta bi ta bisa kansa. Tsirkiya ta girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, fata ta tura iska, ƙwarya ta tara amon ta ba shi jiki. Goge ma haka yake, sai dai shi izgar doki ce tsirkiyarsa. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi kuwa gwangwanin kifi ne aka lulluɓe da fata, tsirkiya ɗaya tak.

A Amurka, cikin shekarun 1920, masu jita sun shiga wani hali. Ana haɗa su kiɗa da masu busa ƙaho da masu ganga, babu na'urar ƙara sauti, sai muryar jita ta nutse. Wani makaɗi, George Beauchamp, ya kai kukansa wurin John Dopyera, mai ƙera kayan kiɗa da gyaransu a birnin Los Angeles, haifaffen ƙasar Sulobakiya da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1908. Dabarar Dopyera ita ce ya karɓe aikin tura iska daga katakon fuskar jita, ya miƙa shi ga wani siririn mazurari na alminiyam da aka ɓoye a cikinta. A 1927, shekara guda bayan Faransawa sun ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram sun mai da ita Yamai, kamfaninsu mai suna National ya fara sayar da jita mai jikin ƙarfe da mazurari uku a ciki. Kafin 1930 Dopyera ya rabu da kamfanin, shi da ƴanʼuwansa suka kafa nasu mai suna Dobro.

Daga nan aka sami iri uku, kuma ya kamata ku iya rarrabe su, don kowanne da inda yake ciwo. Akwai mai ƙananan mazurari uku, kowanne faɗinsa wajen santimita 15, da wani ƙarfe mai reshe uku da ya haɗe kawunansu. Akwai mai mazurari guda mai faɗin santimita 24, a kife, tsininsa na kallon sama, an ɗora masa wani kewayayyen katako da ake kira biskit, jaki a kansa. Na Dobro kuma bakinsa ne ke kallon sama, an ɗora masa wani ƙarfe mai ƙafa takwas da ake kira gizo-gizo, ƙafafun sun sauka a gefen mazurarin, sukuru guda ya haɗa tsakiyarsu. Mawaƙan buluz na kudancin Amurka irin su Son House da Bukka White da jitar National suka yi suna, suna zamewa bisa tsirkiya da wuyan kwalba ko guntun ƙarfe. Da jita mai lantarki ta fito a shekarun 1930, wadda Beauchamp ɗin nan yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, kasuwar mai mazurari ta ja baya, amma har yau ana ƙera ta.

Na san abin da za ku ce: ina muka ga irin wannan jita a unguwar Zango ko ta Birni? Gaskiya ne, ba kasafai take faɗowa hannunmu ba. Amma jita dai ta cika ƙasar nan. Kiɗan Abzinawa ya sauko daga Agadas ya shiga bukukuwa, sunayen Bombino da Mdou Moctar na bakin yara, kowane saurayi na son ya rataya jita, masu gyara kuwa ka ƙirga su da yatsun hannu. Jita mai mazurari na zaɓa in yi muku magana a kanta domin ita ce ke tsaye tsakanin gurminmu da jitar Bature: matakai da makullai na Bature, amma cikinta tsarin gurmi ne sak, jaki bisa wani siririn abu mai rawa. Wanda ya iya lallaɓa ta, sauran jita ba za su gagare shi ba, molo da garaya ma haka. Ga shi kuma an ƙirƙiro ta ne don ta yi amo ba tare da lantarki ba, mu kuwa mun san yadda wuta ke zuwa ta tafi a garin nan.

Roƙona na farko shi ne kada ku buɗe kaya kafin ku saurare shi. Mai jita ya shigo ya ce, "Malam, wata ƙara take yi." Ka ba shi wurin zama, ka ce ya kaɗa yadda ya saba, kai kuma ka koma gefe ka kasa kunne. A wace tsirkiya take yi? A wane mataki? In an taɓa a hankali tana yi, ko sai an doka? Yaushe ta fara, bayan an sauya tsirkiya, ko bayan an ɗaura ta a bayan kabu-kabu an bi hanyar Mirriya? Amsar wannan ta ƙarshe sau da yawa ita ke nuna maka inda za ka sa hannu. Sannan ka tuna kunnen Bahaushe yana son ziza. Da gangan ake kafa akayau a kan sandar garaya don ya riƙa kacau-kacau tare da kiɗa. Akwai makaɗin da in ka kashe masa wannan ɗan kacau ɗin a jitarsa zai ce ka cire mata rai. Tambaye shi wacce ƙarar yake so a cire, wacce kuma a bari.

Ƙarar da ba a so galibi daga waje take. Yana kaɗawa, kai kana bin jikin jitar da ɗan yatsa kana dannawa: sukurun murfin da ke rufe mazurari ɗaya bayan ɗaya, wutsiyar ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi, makullan da ke kai, ragowar tsirkiyar da ba a yanke ba. Inda ka danna ƙarar ta ɗauke, nan ne. Sau da yawa ɗan dunƙulen gindin tsirkiya ne ke taɓa murfi. Ka je wurin baduku ka roƙi ɗan yankin fata mai laushi cikin ragowar da yake zubarwa, ka zura ƙarƙashin wutsiyar, magana ta ƙare. Aikin minti biyar ne, kuma kada ka ji kunyar karɓar kuɗin minti biyar kawai.

In ta kama dole a buɗe, ka ɗauki hoto da wayarka tukuna. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwance sukurun murfi ka jera su cikin kwano, ka ɗaga murfin. Kafin ka taɓa mazurari, ka sa fensir ka yi alama a gefensa da jikin jitar, domin shekarun da ya yi a zaune sun sa ya saba da mazauninsa, in ka juya shi zai iya ƙin kwanciya daidai. Abin da za ka tarar a ciki a garinmu ba ya wuce ƙura: ƙurar hunturu ta shiga ta ramukan murfi ta kwanta jawur, wani lokaci da tsakuwar yashi guda ta maƙale ƙarƙashin bakin mazurarin. Tsakuwar nan kaɗai ta isa ta sa jita ziza. Ka share da burushi mai laushi, ka goge mazaunin da busasshen ƙyalle.

Mazurarin kansa kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Da yatsa biyu za ka lotsa shi. Ta gefe ake ɗaukarsa, da hannu biyu. In kana son sanin lafiyarsa, ka ɗora tsakiyarsa bisa kan yatsa, ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi amo mai tsawo, wanda ya lotse ko ya tsage sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Wanda ya durƙushe, haƙuri za ka ba mai shi ya nemi sabo daga waje. Kada ka kai shi wurin mai gyaran tukunya ya daddake da guduma. Ba da guduma aka yi shi ba. A kan injin juyi ake matsa faifan alminiyam a hankali har ya ɗauki siffa, kuma inda ya riga ya karye ƙarfinsa ba ya dawowa. Kada kuma ka manne shi. Na ga jitar da wani mai gyara ya bi bakin mazurarinta da sufa gulu wai don kada ya ƙara motsi. Bai ƙara motsi ba kuwa, bai kuma ƙara magana ba. Nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi a mazauninsa, haka aka tsara shi.

Wannan ne ya sa ɗaura tsirkiya a irin wannan jita ya bambanta da na sauran. In ka kwance shida gaba ɗaya, babu abin da ke danne mazurari, sai ya goce, jaki ya karkace, ka wuni kana neman inda suke a da. Ɗaya-ɗaya ake sauyawa. Ka sassauta tsohuwa har ta yi laƙwas, sannan ka cire. Kada ka datse ta tana ɗame, wannan firgitar ba ta yi wa siririn ƙarfe daɗi. Ka maƙala dunƙulen sabuwa a wutsiya, ka riƙe da babban yatsa don kada ya zame, ka bi da ita ta tsagin jaki, ka kai ta makulli. Ka zura a rami, ka ja ta miƙe, sannan ka mai do da ita baya kamar faɗin yatsa biyu ko uku, wannan rarar ce za ta naɗe. Kana murɗa makulli kana danne tsirkiyar da yatsa don kowane naɗi ya sauka ƙarƙashin na bayansa, kada su hau juna. Masu kauri naɗi biyu ko uku ya ishe su, sirara kuwa huɗu ko biyar. Kafin ta zauna a tsagin ƙashin da ke saman wuya, ka goga bakin fensir a tsagin, zai sa ta riƙa zamewa ba tare da maƙalewa ba. In ta kai muryarta, ka ɗaga ta a hankali da yatsa a tsakiya, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka. Sai ka yanke ragowar, ka wuce ta gaba. Fuskarka kuma ka kawar daga saitin siririyar nan ta farko lokacin ja, don in ta tsinke ido take nema.

Lambobin da kuke gani a jikin fakiti, kamar 13 zuwa 56, kaurin tsirkiya ne a ma'aunin inci kashi dubu: mai 13 kaurinta sulusin milimita ne, mai 56 kuma ta kusa milimita ɗaya da rabi. Irin waɗannan in an ja su shida daidai saiti, jan da suke yi wa jita ya kai wajen kilo 80, bai rage da yawa ba ya kai buhun gero. Ba duka ne ke sauka kan mazurari ba. Abin da ke danne shi ya danganta da yadda tsirkiya ta karya daga kan jaki zuwa wutsiya. In karyawar ta yi kaɗan, murya ta yi rauni, ziza ta shigo. In ta yi yawa, mazurari ya shaƙe, wata rana ya durƙushe. Saboda haka in kun ga an zura tsirkiya ta ƙarƙashin wutsiya maimakon ta sama don ƙara dannawa, ku yi hattara, ku tambayi dalili kafin ku kwaikwaya.

Tsirkiya tana da wuyar samu a nan, sai an aika Kano ko Yamai, shi ya sa yara ke warware wayar birkin keke. Ba na raina wannan. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi yau yana kiɗa a Turai da Amurka. Amma wayar da ba ka san kaurinta ba, a hankali ake jan ta, kana duban manhajar saita murya a wayarka. In ta yi tauri tun ba ta kai murya ba, ka tsaya. Igiyar roba ta kamun kifi da masu gurmi da molo suka koma wa a yanzu ta dace da fata, amma ba ta da ƙarfin motsa mazurari yadda ya kamata. Babbar ɓarnar da aka fi yi ita ce akasin haka: a ɗauki jitar da aka yi don tsirkiyar roba a ɗaura mata ta ƙarfe. Jan ya kusa ninkawa, wuya ya lanƙwashe, gadar da aka manna a fuskarta ta ɗago ta yage katako. Ko mai jita ya rantse maka shi ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya, ka ce a'a.

Saiti kuma bi da bi yake: wuya tukuna, sannan tsayin jaki, sannan daidaiton murya. In ka fara ta ƙarshe, aikin banza ka yi, don gyaran wuya zai rushe shi. Ka danne tsirkiya mai kauri a mataki na farko da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, ka duba tsakiya, wajen mataki na bakwai. Ya kamata a ga ɗan sarari tsakaninta da ƙarfen mataki, kwatan milimita ko kusa da haka. In babu sarari, wuya ya miƙe da yawa ko ya koma baya, tsirkiya za ta riƙa dukan matakai. In sararin ya yi yawa, wuya ya rusuna. Yawancin jitar zamani akwai sandar ƙarfe a cikin wuyansu da ake murɗawa da alanki. Kwatan zagaye ko ƙasa da haka ake yi, a dakata katako ya amsa, a sake aunawa. In ta cije, ka saki. Sandar nan in ta karye a ciki, jitar ta kusa zama itacen girki. Wasu tsofaffin ma babu sandar sam.

Tsayin tsirkiya a mataki na 12 ake aunawa. Mai kiɗa da yatsa, milimita 2 zuwa 2 da rabi ya yi masa. Mai zamewa da kwalba ya fi son 3 ko fiye, don kada kwalbar ta riƙa bugun matakai. Ga ɗan lissafin da zai cece ku: mataki na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, saboda haka in kana son rage milimita 1 a wurin, milimita 2 za ka rage a jaki. Ka rage kaɗan-kaɗan da sanfefa, ka mayar ka gwada, don abin da ka kankare ba ya komawa. Akwai kuma wani nau'in Dobro mai wuya mai kusurwa huɗu, wanda ake kwantarwa a cinya a kaɗa da guntun ƙarfe. Tsirkiyoyinsa sun yi sama ƙwarai, kusan santimita guda, ba a danna su kan mataki. In ya zo hannunka kada ka ce an yi kuskure ka hau sassaƙa, haka yake.

Daidaiton murya gwajinsa mai sauƙi ne. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a mataki na 12: murya ɗaya ya kamata ta fito, sai dai ta biyu ta fi sama. In ta dannen ta haura, jaki na bukatar matsawa baya wajen wutsiya; in ta gaza, ya matso gaba. Mai gurmi da yatsa yake tura jakinsa ya huta. A jita mai mazurari kuwa wurin motsin kaɗan ne ƙwarai, tunda mazurari a rami yake zaune, sai dai ɗan juyi ko gyaran bakin jaki. Wani lokaci dole ka gaya wa mai ita iyakarta ke nan. Shi kuma sukurun nan na tsakiyar gizo-gizo, shi ne abin da hannun sabon shiga ya fi ƙaiƙayin murɗawa. Ana juya shi ne har a ji ya kama, sannan a ƙara rabin zagaye ko ɗan fiye da haka. In ka ƙulle shi tamau, ka ja tsakiyar mazurari sama ka lalata shi.

Duk wannan za ku iya samunsa a intanet, amma waɗanda suka rubuta ba a Damagaram suke zaune ba. Kamfanonin jita suna haɗa katako ne a ɗakin da danshin iskarsa yake kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A nan, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta ya haura 60. Katako yana tsukewa yana kumbura tare da iska, ƙarfe ko oho. Shi ya sa a watan Maris sai ka ji bakin matakai ya fito gefen wuya yana yankan hannu. Ba ƙarfen ne ya yi tsawo ba, katako ne ya ja jiki. Da magagari mai laushi ake goge bakin, kuma a tsakiyar rani ake yi, don in ka yi da damina zai sake fitowa. Jita mai jikin ƙarfe ta fi jure wannan, amma wuyanta dai katako ne. Mai jikin katako takan tsage a fuska. Kada ka yi saurin cusa wa tsagin wani abu. Ka sa ta a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse aka sa cikin gidan sabulu mai huji, ka bar ta kwanaki, tsagin zai matso da kansa, sannan ka sa gam ɗin kafinta. Ruwa dai kada ya taɓa ta.

Zafi ma maƙiyi ne. Ranar da gari ya haura digiri 40, cikin motar da aka kulle a rana yakan kai 60 ko fiye, a nan kuwa gam yake fara saki. Shagon kwano da tsakar rana bai fi motar da yawa ba. Zufa kuma na cin tsirkiya da tsatsa; ƙyalle busasshe bayan kowane kiɗa yana ƙara mata kwana.

Masu fata sun riga mu sanin yanayi. Ku lura da mai gurmi ranar da aka kwana ana ruwa: fata ta saki, jaki ya nutse, murya ta dushe. Zai kai ta kusa da garwashi, ba dab ba, yana jujjuyawa, yana shafa fatar da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa da yatsa kusa da kunnensa, har ya ji amon da yake nema ya dawo, sai ya janye nan take, don in ya ƙara kaɗan fatar ta fashe. Ku ɗauki wannan tunani ku kai kan jita. Masu gyara a ƙasashen sanyi sukan yi wa jitar katako jaki biyu, ɗaya na lokacin bushewa, ɗaya na lokacin danshi. Mu mun fi su bukatar haka: dogo na rani, gajere na damina, a rubuta a jikin kowanne.

Kayan gyara kuma da yawa suna kasuwar Dole, ba sai an jira jirgi ba. Ƙashin ƙafar sa daga mahauta, in an dafa shi an cire ɓargo an shanya har maiƙonsa ya fita, ya fi robar da kamfani ke sawa a saman wuya. Jakin mazurari da katako mai tauri ake yi. Kanya danginta ɗaya da baƙin katakon da Turawa ke sa wa bakin jaki, ga kirya, ga aduwa, muddin sun bushe sarai. Ku gwada, ku saurara, ku rubuta abin da kuka ji. Wuyan kwalba in an yanke shi an goge bakinsa da sanfefa har ya daina kaifi, ya zama abin zamewa. Mazurari ne kaɗai ya fi ƙarfinmu a yanzu, shi ma ban ga dalilin da zai dawwama haka ba. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ba zai rasa yaron da zai koyi juya faifan alminiyam a kan inji ba, in ya sami mai nuna masa.

Wasunku iyayensu za su ɓata fuska in sun ji maganar kayan kiɗa. Ku bi su a hankali, ku nuna musu aikin hannu ne, maƙwabcin kafinta da dukanci da ƙira. Abin da zai wanke ku a idonsu shi ne amana. Ka faɗi kuɗin aiki kafin ka fara. Abin da ka cire, ko tsohon sukuru ne, ka ƙulle a takarda ka mayar wa mai shi. Gyaran da za a iya warwarewa ya fi wanda ba ya warwaruwa, saboda haka sufa gulu da ƙusa su zama na ƙarshe a tunaninka. In aiki ya fi ƙarfinka ka ce, "Wannan ban iya ba tukuna." Makaɗi zai dawo wurin wanda ya gaya masa haka.

Akwai ɗan yankinmu da ya kamata ku san labarinsa. Malam Mamman Barka haifaffen Tasker ne, malamin makaranta, wanda ya yi suna da gurmi a Nijar da Najeriya. Yana da sunansa da masoyansa, amma a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna a gaban wani dattijo, Bukar Tar, ya koma ɗalibi. Abin da ya je koyo shi ne biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da jiki mai siffar kwalekwale, wanda a lokacin dattijon nan ne ake ɗauka ƙwararrensa na ƙarshe. Bayan ƴan shekaru Bukar Tar ya rasu, Barka ya fita da biram ƙasashen waje, shi ma Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2018. Da ya yi jinkirin tafiyar nan kaɗan, da ba wanda zai tarar.

Masu haɗa gurmi da molo da goge suna nan a ƙauyukanmu, ta Magarya, ta Matamaye, ta Gure, yawancinsu sun manyanta, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Ku nemi ɗaya kusa da ku. Ku riƙa masa goro, ku tafi da littafi da fensir da ɗan ma'auni, ku ce masa, "Baba, koyo muka zo." Kada ku tsaya kan yadda ake kaɗawa kawai. Ku tambaye shi yadda yake zaɓar ƙwarya da irin kaurin da yake nema, wane sashen fata yake yanka, jiƙe yake ɗaura ta ko a bushe, da me yake kafe bakinta, wane itace yake sassaƙa jaki da shi, a ina cikin fatar yake ɗora shi, kuma me ya sa nan ba tsakiya ba. In ya yarda, ku auna tsawon tsirkiyarsa da faɗin ƙwaryarsa ku rubuta, ku sa kwanan wata, sannan ku koma da damina ku sake aunawa.